Ƙwayar da Rafila Ta Hana Nasha

A ƙauyen Sohodel in ka ce Rafila sai a tambaye ka, "Ta tukunya?" domin akwai wata Rafilar a bakin gada wadda ko ƙwai ba ta iya soyawa ba. Ta tukunya ita ce matar Onisim mai aiki a injin tsaga katako, gajeriya mai faɗin kafaɗa, bakinta ya fi wuƙar yankan kabejinta kaifi. Shekara ashirin da shida tana riƙe da girkin bikin aure na Sohodel da na ƙauyuka uku da ke bin kogi. Fara'a ba ta dame ta ba, ba ta kuma taɓa cewa tana da ita ba. In ta shiga rumfar girki ranar Laraba, to har Lahadi uwar ango ma sai ta nemi izini kafin ta ɗaga murfin tukunya.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinta a duniya, shi ne kanta. Tana 'yar shekara goma sha huɗu, ana tara ciyawar dabbobi a kan tudu, ta ga wani ƙyalƙyali yana rawa a gefen idonta na hagu. Kafin a gama loda amalanke tana durƙushe bayan tarin ciyawa tana kwara amai. Uwarta ta ce iska ce ta ratsa ta, don ta zauna tsakanin ƙofa da taga duk a buɗe. Kakarta ta ce bakin mutane ne. Ubanta ya ce lalaci ne, ya miƙa mata manjagara.

Ciwon ɓarin kai ne, ya kuma zauna mata daram. Sau biyar, sau shida a wata. In ya zo, haske abokin gaba ne, warin albasa abokin gaba ne, ko carar zakara sai ta ji kamar ana buga mata ƙusa a bayan ido. Sai ta rufe tagogi, ta ɗaure yankakken ɗankali a goshi da ɗankwali, ta kwanta kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Kada wanda ya ce wahalar ta sa ta yi laushi. Ba ta yi ba. In ta tashi, tashi take da haushin kowa, musamman masu cewa, "Ai ciwon kai ne kawai."

Ranar da ta auri Onisim, Veturia da mijinta ne suka riƙe musu kyandir a coci, daga baya kuma Veturia ta ɗauki 'ya'yansu biyu zuwa baftisma. Shi ke nan ta zama nasha a gare su, uwar aurensu har kabari. Nasha kuwa ba a yi mata musu. Hannunta ake sumbata, ranar Ista a kai mata burodi da kwalbar barasa, in ta ce kogi na gudu zuwa kan dutse sai ka ce kai ma ka gani.

Veturia ce mai kashe garwashi ta ƙauyen. Ta ɗebo ruwan rijiya a kofi, ta jefa garwashi tara ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki, in sun nutse to baki ne ya kama ka, ka kurɓa sau uku a shafa maka saura a goshi. A faɗi gaskiya komai ɗacinta: shekara talatin matar nan tana zuwa wa Rafila. Ta zo cikin dusar ƙanƙara, ta zo cikin taɓo, ta hau tudun gidan Rafila da ƙirjinta mai asma yana fito, ta tsaya a hanya ta fesa ɗan bututunta a baki ta ci gaba. Garwashin bai taɓa warkar da komai ba. Ciwon kan gaji don kansa ya tafi bayan kwana biyu, Veturia kuma ta ɗauki yabon ta sa a aljihu.

Darajar mai girkin biki duk tana kan kaza. Bayan an ci an sha, ita ce za ta fito da gasasshiyar kaza a tire, an yi mata ado da furanni, an maƙala mata sigari a baki. Ta shigo tana rawa, masu goge na binta, tana rera wa uban aure habaici har sai ya ji kunya ya sayi kazar. Rafila ba ta da murya, amma habaicinta sai a shekara ana maimaita shi a bakin rijiya.

Bazara biyu da suka wuce, a bikin 'yar mai gadin daji, ta gasa kazar, ta yi mata ado, ta ɗaura sabon ɗankwali. Sai ga ƙyalƙyalin nan. Minti ashirin bayan haka tana kwance a ɗakin ajiya kan buhunan ɗankali, tana jin guɗa ta bango. Anisia ce ta ɗauki tiren. Wannan Anisia, wadda ta yi shekara takwas a ɗakin girkin wani otal a Italiya ta dawo da farcen kanti, Rafila ce ta ɗauke ta firar karas don tausayi. Tun daga ranar magana ta canja a ƙauye. "Rafila ta iya kam," in ji mata, "amma wa zai jingina bikin 'yarsa a kan wancan kan nata?"

'Yarta Ludovica da ke aiki a Sifen ce ta gaji. Ta bugo waya ta yi ta faɗa har cajin wayar ya ƙare, ta nema mata ganin likitar kai a birni, ta ce in ba ta je ba kada ta ƙara kiranta. Rafila ta hau bas ɗin safe cikin watan Maris tana gunaguni.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Ludovica ba. Ta yi ta tambaya, ta auna jini, ta saurari ƙirji gaba da baya, ta tambaya ko tana da asma. Sannan ta rubuta takarda.

"Mama, wannan ba na ranar ciwo ba ne. Kullum za ki sha, safe da yamma, ko kina jin garau."

"Mai lafiya ya sha magani? 'Yar nan, a makaranta aka koya miki haka, ko a hanya kika tsinta?"

"Rigakafi ne. Zai ɗauki makonni kafin ki ga aikinsa. Kada ki tsallake, kada ki daina farat ɗaya, zuciyarki ba za ta so ba. Abu na ƙarshe, ki buɗe kunne: kada ki ba kowa. Na san halinku na ƙauye. Mai asma in ya sha wannan, numfashinsa na iya ɗaukewa."

"Halinmu na ƙauye," in ji Rafila, ta ja tsaki. Amma ta ninke takardar ta cusa a ƙirji.

Na wata ɗaya ake ba ta, ba ƙari, kuma kantin magani ba ya bayarwa sai da sabuwar takarda daga likitan da ke zuwa ƙauye ranar Talata. An ce ta riƙa sa alama a duk ranar da ciwo ya zo, sai ta riƙa yi da fensir a kalandar coci da ke rataye a bango. Maris ta yi alama shida, ta zagi likitar da wanda ya haife ta. Afrilu biyar. Hannayenta suka riƙa sanyi, hawan tudu ya fara gajiyar da ita, sau biyu ta ɗauki kwalin za ta jefa a murhu. Mayu alama biyu. Yuni ɗaya, shi ma bai kwantar da ita ba. Ta tsaya gaban kalandar nan da safe, hannu a ƙugu. Daɗi ne ya cika ta, ga tsoro kuma, don ba ta saba a yi mata alheri a bar mata ba.

Abin da take hange shi ne Asabar ta ƙarshen Agusta. Toader, autan Veturia, zai dawo daga ƙasar waje ya yi aure, mutum ɗari huɗu, alade uku da ɗan maraƙi. Tun cikin hunturu Veturia ta ce mata, "Kazar Toader taki ce." In ta fito da kazar nan da ƙafarta a gaban mutum ɗari huɗu, kunyar buhunan ɗankali ta wanke, sunanta ya dawo. In kuwa bikin ya kuɓuce mata, ta san girki ya ƙare mata a kwarin nan.

To, akwai benci a ƙofar gidan Veturia, nan mata ke zama duk Lahadi da yamma. A bencin nan magani na kowa ne, haka aka taso aka gani. Kowace na da gwangwanin biskit cike da ƙwayoyi, ba wadda ta san sunansu, da launi ake kiransu. Mai ruwan ɗorawa wadda 'yar Saveta, ɗaya daga cikin matan bencin, ta aiko daga Jamus, ja ta marigayi mijin wance da ya mutu ya bari. Ki ce gwiwa, a miƙo miki. Ki ce barci, a miƙo miki biyu. Wadda ta hana gishiri ana iya yafe mata, wadda ta hana magani kuwa ba a taɓa ganinta ba balle a san hukuncinta.

Wata Lahadi cikin Yuli, zafi ya yi zafi, mata bakwai a benci ban da Rafila. Ƙararrawar yamma ta kaɗa, Rafila ta zaro ɗan katin maganinta daga aljihu, ta ɓallo ƙwaya fara ƙarama ta haɗiye ba ruwa. Veturia, wadda tun fitowa daga coci take dafe da goshi, ta bi hannun da kallo.

"Wannan ce? An ce kin samo abin da ya fi garwashina." Ta buɗe tafin hannu ta miƙo. "Ba ni guda in gani. Kaina tun safe kamar zai tsage."

Kada a yi wa Rafila ƙarya ta alheri. Abin da ya fara faɗo mata ba ƙirjin Nasha ba ne. Hannaye shida ta hango a bayan wannan hannun, ta hango katin ya ƙare kafin wata, ga likitan Talata zai tafi hutu a Agusta. Ƙirjin ya zo mata na biyu. Bakinta kuwa, wanda bai taɓa jiran kowa ba, ya riga su duka.

"Wannan ba alewa ba ce, Nasha."

Saveta ta tsaya da ƙwayar kabewa a baki ba ta fasa ba.

"Alewa," in ji Veturia a hankali. Hannun na nan a buɗe. "Ni kike gaya wa alewa? Ku ji min 'yar nan. Shekara talatin ina hawa tudunki. Na hau ranar da kankara ta kai gwiwa, na riƙe miki kwano kina amai, na wanke miki ɗankwali. Na taɓa ce miki garwashina ba alewa ba ne?"

"Da garwashin ya yi aiki, da ban hau bas zuwa birni ba."

Wayyo, Rafila! Harshe ya gama ɓarna kafin hankali ya iso. Ta ga fuskar Nasha ta yi fari, sai ta yi saurin ƙarawa, "Likita ta ce mai asma ba ya sha. Zai iya shaƙe ki, na rantse."

"Au, yanzu kika tuna ina da ƙirji? Lokacin da yake fito a kan tudunki ba ki ji shi ba?"

"Kai, rowa ba ta rasa dalili," in ji Saveta, ta tofar da ɓawo. "Ni jiya na sha ta zuciya ta maƙwabciyata, ga ni a zaune. Mutuwa na yi?"

"Ke ai ko guba kika sha sai dai gubar ta mutu," in ji Rafila.

Veturia ta dunƙule hannunta ta mayar kan cinya. "Tashi min daga benci," ta ce.

Kafin Laraba labari ya zaga kwarin, ya yi ƙafa ya yi fukafukai. Wasu suka ce maganin mahaukata ne shi ya sa take ɓoye shi. Wasu suka ce tun da 'yarta ta fara aiko kuɗin Sifen take ganin kowa ƙasa-ƙasa. A kanti in ta yi gaisuwa sai a amsa wa bango. A coci matar da suka shekara ashirin suna tsayuwa kafaɗa da kafaɗa ta matsa gefe. Babbar tukunyarta da ke aro a gidan Veturia, da safe ta tarar da ita kife a bakin shinge, an turo ta ko wankewa ba a yi ba. Ita ma ba ta zauna ba. Duk wadda ta harare ta sai ta rama da biyu, ta kuma gaya wa Saveta a gaban mutane abin da ya sa surukarta ba ta cin abincin gidanta.

Onisim mutum ne mai son zaman lafiya ko da za a taka wuyansa. Ya dawo daga aiki da garin katako a gira, ya zauna yana juya cokali.

"Ke ma dai, Rafila. Ki ba ta guda mana. Ƙwaya ɗaya za ta kashe ta?"

"Tana iyawa."

"To ki sayo wata farar ta kanti, ki ce ita ce. Wa zai sani?"

"Ka raina Nasha. Sai ta ce a kawo mata a cikin katinta ta ga rubutu. Kuma ni ban taɓa dafa akuya na ce rago ba ne."

"Ai ga shi nan, gaskiyarki za ta ci mu. Mutane a wurin aiki ko taba ba sa miƙo min."

"Ka sayi taka."

Duk da haka, saura mako biyu biki, ta kwana biyu tana haɗiyar zuciya, ta gasa burodin kitso mai ƙwai goma, ta sa Onisim ya ɗauko kwalbar palinka, barasar gargajiya, ta shekara biyar. Suka sa kayan coci suka gangara da hantsi. Tun daga tsakar gida ta ji ƙanshin kofi, ta kuma ji wata dariya da ta sani. Anisia ce zaune a teburin Nasha, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da takarda da biro a gabanta.

Rafila ta ajiye burodi, ta sunkuya za ta sumbaci hannun Veturia. Veturia ta janye hannun ta cusa ƙarƙashin tebur.

"Nasha, na zo ban haƙuri. Bakina ya yi kuskure ranar nan. Garwashinki da ƙafarki ban manta ba, Allah ya sani."

"Kin ji, Anisia? Ba ta manta ba."

Anisia ta duƙar da kai tana kallon farcenta, murmushi na neman ƙwace mata.

Veturia ta miƙe, ta ɗebo ruwa a kofi, ta dangwarar a tsakiyar tebur. "Ba burodi na roƙe ki ba. A gaban mata shida na miƙa miki hannu kika bar shi a buɗe. Yau ga shaida biyu. Ajiye guda a nan, a cikin katinta, in ga rubutun. In sha a gabanki. Shi ke nan, Laraba ki shiga rumfa, wannan ta koma firar karas."

Murmushin Anisia ya ɗauke. Onisim ya taka ƙafar matarsa a hankali.

Katin na aljihunta. Ta zaro shi, ta riƙe. Yanzu ba maganar ƙarewa ba ce, likitan Talata ya ba ta takardar da za ta kai ta Satumba kafin ya tafi. Guda ɗaya tak, ta ɗora babban yatsa a kanta. Wataƙila ma ba abin da zai faru, ai Saveta na nan da ranta. Mutum ɗari huɗu, kaza, habaicin da ta riga ta shirya baiti goma sha biyu tana cire ciyawa a lambu. A ɗakin nan kuwa ba abin da take ji sai ƙirjin Veturia, fiit, fiit, daga ɗan tashin nan da ta yi zuwa bokitin ruwa kawai.

Ta mayar da katin aljihu.

"Ba zan ba ki ba, Nasha."

"Rafila!" in ji Onisim.

"Yi min shiru. Nasha, in kanki na damunki, gobe in biya miki bas mu je birni, a duba ki a ba ki naki. Ki zage ni, ki kore ni, ki ba wannan mai farcen bikin. Amma ba da hannuna za a fitar da ke a mota mai jiniya saura mako biyu auren ɗanki ba."

"Ji mai tausayi! Butulu kawai. Ni na riƙe miki kyandir, ni na ɗauki 'ya'yanki tsirara na miƙa wa limamin coci. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, uwarki ko rigar jikinta ka roƙa sai ta tuɓe." Numfashi ya sarƙe ta, ta laluba aljihu ta fesa bututunta, idanunta jawur suna kan Rafila. Da ta samu iska ta nuna ƙofa. "Ɗauki burodinki. Ko karena ba zai ci ba."

Rafila ta ɗauki burodin. Onisim ya yi kamar ya manta da kwalbar, ita kuwa ta dawo ta fizge ta daga kan tebur. A hanya, da suka kai rabin tudu, sai ta zauna a kan dutse ta yi kuka na haushi, tana zagin Nasha, tana zagin likita, tana zagin Onisim da ke tsaye yana kallon takalminsa.

Ranar Laraba hayaƙi ya tashi daga bayan zauren taro na ƙauye. Daga lambunta tana jin kukan aladu, tana jin ƙarar tukwane, har ta san wacce aka ɗora da wacce aka sauke. Ta cire ciyawar da ta riga ta cire. Safe da yamma tana shan ƙwayarta, kalandar Agusta fes, ko alama ɗaya babu.

Gayyata kuwa ta zo. Mai gayya ya tsaya a ƙofa da sandarsa mai ado da gorar palinka, ya karanto abin da ake karantowa yana kallon sama. Duk gabar da ake yi, ba a tsallake 'yar da aka riƙe wa kyandir, ita ma ba ta da ikon ƙin zuwa. Ta ciro rigarta mai ruwan toka daga ƙasan akwati. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa zama a kujera a gidan biki ba, har ta rasa inda ake ajiye hannu.

Aka zaunar da su a tsakiya, inda kowa zai gani. Rana ba ta faɗi ba aka kawo miyar kaza da taliya. Rafila ta ɗaga cokali da addu'a ɗaya a ranta: Ubangiji, ka sa gishiri ya yi yawa. Bai yi ba. Miyar ta fito tas, taliyar siririya, ba ta caɓe ba. Ta ce a ranta miya ai kowa ya iya, a bari a zo kan sarmale, naɗin kabeji da nama da shinkafa. Aka kawo. Naɗin kabejin ya fi nata ƙanƙanta, ta soka cokali mai yatsu tana jira ya warware, ya ƙi. Ta kai baki. Nama ya ji, shinkafa ta nuna, tsamin ya tsaya inda ya kamata, har da wani ganye da ba ta gane ba wanda ya ƙara masa armashi. Abincin ya yi daɗi, kuma wannan ya fi duk zagin da aka yi mata ciwo.

"Kai!" in ji wani tsoho a gefenta, bakinsa cike. "Rabon da mu ci irin wannan a kwarin nan..." Ya juyo suka haɗa ido, sai tari ya kama shi.

Can sai ga Nastasia daga ƙauyen sama, wadda tun bazara ta kama Rafila don bikin 'yarta na Oktoba. Ta dafa mata kafaɗa.

"Rafila, ke ce a kujera? Yaya kan?"

"Lafiya lau."

"Madalla, madalla. Za mu yi magana, kin ji? Ba yau ba." Ta yi waige-waige. "Ta wace ƙofa ake shiga wurin masu girkin?"

Rafila ta ɗaga cokali ta nuna mata. Ta bi ta da kallo har ta shige, ta hango Anisia ta goge hannu ta tarbe ta da dariya.

Veturia na zagaya tebura a matsayinta na uwar ango, da fure a ƙirji, tana tambayar kowa ko ya ƙoshi. Ta iso bayan Rafila, ta ɗauki babban cokali da kanta ta ƙara mata sarmale uku a faranti. Ta sunkuyo daidai kunnenta, numfashinta na fito.

"Ci, 'yata, ci ki ƙoshi. Ki fara sabawa da kujera."

Ta wuce tebur na gaba tana wa mutane fara'a.

Masu goge suka ƙara wuta, fitilu masu launi suka fara juyawa, hayaƙin taba ya cika zauren. Duk abubuwan da a da ɗaya daga cikinsu ya isa ya kayar da ita, ga su sun haɗu. Rafila ta kai yatsu gefen kanta na hagu ta danna. Ta runtse ido tana neman ƙyalƙyalin, tana kiransa, ko kaɗan ne ya zo ta samu abin da za ta ce wa Onisim su tashi, ta fita da dalilin da kowa ya sani ba wanda zai ce gudu ta yi. Ta danna da ƙarfi har wurin ya yi ja. Kan nan garau yake, bai taɓa yin garau irin na yau ba. Ta sauke hannu, ta jawo farantin gabanta, ta ci gaba da cin abincin Anisia.